Hayar Kekuna a Dorayi: Wa Zai Riƙe Littafin?

Tambaya: "Malam, ina sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa. Na tara naira miliyan biyu, ina so in sayi kekunan hawa ashirin in riƙa bayarwa haya a unguwarmu ta Dorayi. Ɗan yayata zai kula da su, tunda yana zaune ba aiki. Ya ce cikin wata huɗu uwar kuɗina za ta dawo, haka ya gani a waya ana yi a ƙasashen waje. Me ka gani?"

Alhaji, sana'ar ba ta da laifi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 talaka ya dogara da Adaidaita Sahu, da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma kuɗin hawa ya tashi, har leburan Sharaɗa da ɗaliban Jami'ar Bayero suka koma takawa a ƙafa. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, keke ba ya wahala. Wanda ya tuƙa minti 15 zuwa, 15 dawowa, kwana biyar a mako, ya cika minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya take so babba ya samu, ya rage wa kansa haɗarin hawan jini da ciwon suga. Kuɗin motarsa kuma ya tafi cefane.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ba ka ce komai a kan lissafi ba. Ka ce ɗan yayarka, ka tsaya nan, kamar zumunci ya isa ya ƙirga kekuna.

Na san wani mai sayar da hatsi da ya yi haka da ƙaninsa. Yaron ba ɓarawo ba ne, kunya ce ta cinye jarin. Aboki ya ɗauki keke ya ce zai kawo kuɗi anjima, ɗan maƙwabci ya hau kyauta, wani ya dawo da shi an musanya sabuwar taya da tsohuwa ba wanda ya duba. Duk ranar da maigidan ya ga gurbi ya tambaya, sai a ce an kai faci. Da ya matsa, mahaifiyarsu ta ce yana tozarta ɗan'uwansa a kan ƙarfe. Kai ma ba za ka iya kai ɗan yayarka gaban hukuma ba, shi ma ya san haka.

Maganar wata huɗu kuwa, ka cire ta a ranka. A ce keke naira 500 a yini, goma sha biyu suka fita, dubu 180 ke nan a wata. Cire faci, sarƙa, burki, hayar rumfa, haƙƙin yaro da kwanakin damina, da ƙyar rabi ya saura. Kana maganar kusan shekara biyu, in ba a sace ko ɗaya ba. Ko a ƙasashen wajen da yake kallo a waya, kamfanin hayar kekuna na Ofo a ƙasar Sin, mai miliyoyin kekuna, ya durƙushe a 2018.

Fara da biyar. Sa wa kowanne lamba da fenti a jikin ƙarfen. Sayi littafi mai kauri: sunan mai ɗauka, lambar keke, lokacin fita da dawowa, da wanda ya tsaya masa, wanda mai unguwa ya sani. Ka fi karkata ga ma'aikata masu hayar mako, su biya tun farko ta asusun banki da ka ware, maimakon yara masu hayar awa. Mai facin ma ya riƙa sa hannu a littafin, kai za ka biya shi da kanka.

Ɗan yayarka ka yanka masa albashi, ka faɗi sharuɗɗan a gaban mahaifiyarsa. Kowane dare in ka taso daga Singa ka bi ta rumfar ka ƙirga da idonka. In littafi da asusu suka yi daidai wata uku a jere, ƙaro biyar. In ya ce rubutun rashin yarda ne, nemi wani yaron tun kuɗinka na hannunka.