Surukata tana lasa wa jarirai zuma, shin in fasa kai mata ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Jidda, haihuwata ta fari ce, kuma ɗana ya cika wata biyu. Maigidana yana son mu je Makka da sallah mu gaishe da mahaifiyarsa a Shari'a Mansur, wadda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa suna. Al'adar Hajiya ce duk jikan da aka kawo mata sai ta lasa masa zuma da ruwan Zamzam. Na ji an ce akwai illa, amma ina tsoron a ce na raina ta. In fasa tafiyar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya raya shi. Kada ki fasa, domin tsohuwar da ta yi wata biyu tana ɗokin ganin jikanta tana da hakkin a ɗora mata shi a cinya. Ki tabbatar an yi masa rigakafin wata biyu, ku guji fita da tsakar rana, mai tari ko mura kada ya sumbace shi, kuma idan zafin jikinsa ya kai digiri 38 ku nufi asibiti nan take.

Zumar ce abin tsoro, kuma babu ranar da ba na fama da wannan magana a asibiti. Ba a bai wa yaron da bai cika wata 12 ba zuma, ko da lasa ɗaya ce a kan yatsa. Zuma takan ɗauko ƙwayoyin wata cuta da ake kira botulizim, waɗanda hanjin babba yake fin ƙarfinsu, amma a hanjin jariri sai su samu wurin zama, su tsiro, su fitar da dafin da ke kashe ƙarfin jijiyoyi. Abin ba ya bayyana a ranar, shi ya sa ba a zargin zumar. Bayan kwanaki, wani lokaci makonni, sai uwa ta ga yaro ya daina kashi, tsotsonsa ya yi rauni, nono na dalala ta gefen bakinsa, kukansa ya dushe, fatar idonsa ta faɗo, in an ɗaga shi wuya ya langaɓe. Daga nan matsalar numfashi ce ke biyo baya. Wadda ta ga haka ta kira motar asibiti a 997, kada ta tsaya jiƙa wani abu.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu tallan zuma a WhatsApp da ke rantsuwa cewa tasu ta Sidir ce (wato ta furen magarya) tsantsa, don haka ba ta cutar da jinjiri. Tsadar zuma da kyawunta ba su da alaƙa da wannan ƙwayar, kuma tafasa ta a gida ba ya kashe ta. Suna kafa hujja da ayar Suratun Nahli cewa akwai waraka a cikinta, kuma gaskiya ne, amma Alƙur'anin nan shi ne ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara. Shi kuwa tahniki, wato goga wa jariri abu mai zaƙi a baki, wanda Manzon Allah (SAW) ya yi wa Abdullahi ɗan Zubairu da dabino ya yi shi, ba da zuma ba. Ruwa ma, ko na Zamzam ne, yaron da ke shan nono ba ya bukatarsa kafin wata shida, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Ke ki sha Zamzam ɗin ki ƙoshi, ki yawaita ba shi nono.

Game da Hajiya kuwa, ba ke za ki yi mata wannan magana a gaban jama'a ba. Maigida ya kira ta tun kafin ku tashi daga Jidda, ya ce mata likita ya hana zuma da ruwa sai yaro ya yi ƙwari, ya kuma roƙe ta ta yi wa jikanta addu'a ta sa masa albarka. A gidan, yaron kada ya ɓace miki daga ido, domin sau da yawa wata gwaggo ce ke lasa masa a ɗaki alhali uwa tana falo ana gaisawa.