Na rubuta manufofina na shekara, na kasa cikawa: da kaffara a kaina?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Ranar ɗaya ga Muharram na rubuta abubuwa huɗu: in riƙa sauke Alƙur'ani duk wata, in riƙa ajiye jika ɗaya kullum har in sayi babur nawa na kaina, in riƙa azumin Litinin da Alhamis, in bar taba. Ta tabar har rantsuwa na yi gaban abokaina a fada, wurin zaman hirarmu. Wata uku ke nan, babu wanda ya ɗore. Wani aboki ya ce tun farko dogon buri ne da rashin tawakkali. Mene ne hukuncina?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, abokinka bai yi daidai ba. Annabi Yusufu ya tsara wa mutanen Masar noman shekara bakwai da yadda za su bar hatsi cikin zangarniyarsa, kamar yadda ya zo a aya ta 47 cikin surarsa. Bukhari ya ruwaito daga Umar cewa Annabi (SAW) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda. Wa ya kai su tawakkali? Dogon burin da malamai suka zarga shi ne wanda ke sa mutum ya manta da mutuwa, ya riƙa ɗage tuba zuwa gobe. Neman babur na halal ba ya cikinsa.

Sai dai abubuwan nan huɗu ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma lafazin da ya fita bakinka shi ke raba su.

Sauka da ajiyar kuɗi, tunda a takarda kawai ka rubuta su, ƙuduri ne tsakaninka da ranka. Babu zunubi, babu kaffara. Azumi ma haka yake in cewa ka yi "zan riƙa yi". Amma in ka furta da bakinka cewa ka wajabta wa kanka shi saboda Allah, ya zama bakance, kuma hadisin Nana A'isha a Bukhari ya ce wanda ya yi bakancen zai bi Allah, to ya bi Shi. Sai ka ci gaba da yi, ka rama ranakun da ka sha da gangan. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta irin wannan bakance mai maimaituwa tun daga ɗaukarsa, don sun san yakan koma nauyi, mutum ya riƙa yin ibada yana tsaki. Kai da ke yini kan babur cikin ranar Afrilu ta Damagaram ka fi ni sanin abin da suke nufi.

Taba kuwa ka rantse da Allah, ka kuma karya, kaffara ta hau kanka. Aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta faɗe ta: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko ƴanta bawa. Wanda bai samu ikon ko ɗaya ba, shi ne zai yi azumin kwana uku. Mutanenmu da yawa na tsallakawa kai tsaye zuwa azumin alhali suna da abin ciyarwa, wannan bai isar ba. Kowane miskini mudun Annabi guda na abincin garin, gero ko shinkafa, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, ba tiyar Kasuwar Dole ba. Mutum goma daban-daban za ka ba, kada ka juye wa mutum ɗaya. Kaffara guda ce, ba ta kowane kara ba, domin rantsuwar ta warware tun karan farko. Da ka haɗa "in sha Allahu" da rantsuwar kafin ka yi shiru, kana nufin togaciya, da babu komai a kanka, haka Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala. Kuma biyan kaffara bai mayar da taba abin kirki ba, tana nan tana cin ƙirjinka da jikar da ka ce za ka ajiye.

Abin da na gani a takardarka shi ne ka ɗauki kaya huɗu rana ɗaya. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, yana saurayi mai ƙarfi, ya matsa wa kansa da azumi da karatu, Annabi (SAW) yana rage masa yana neman ƙari. Da ya tsufa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi. Sauka duk wata izu biyu ce kullum. In ba ka saba ba, kama rabin izu bayan Asuba kafin ka tada babur, cikin wata huɗu ka sauke. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Kuɗin kuma kada ka bar su cikin aljihun da kake sayen mai da shayi. Shiga adashi da mutanen da ka yarda da amanarsu, ya halatta muddin kowa abin da ya zuba zai kwasa, ba ƙari. Ranar da kasuwa ta yi sanyi ka zuba abin da ya samu, kuma kada ka sake sa sunan Allah a rantsuwa a kan haka.

Wallahu a'alam.