Tambaya da Amsa: Kawu, jirgina ya fito kamar an tsoma shi a kunu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya gida ya sanyi. Ni ɗalibi ne a nan Samaru, yayana da ya dawo daga karatu a Ingila ya kawo min tsarabar kwali biyu na jiragen roban nan da mutum yake haɗawa da kansa, na kamfanin Airfix, ɗaya Spitfire ɗaya kuma jet, duk an rubuta 1:72 a jiki. Wallahi zumuɗi bai barni nayi barci ba, a dare ɗaya na haɗa Spitfire ɗin na shafe shi da fenti. Gari na wayewa sai naga abin ba kyan gani, gilashin saman matuƙi yayi fari fat kamar mai yanar ido saboda sufa gulu na sa masa, fentin yayi kauri duk sawun buroshi a waje kamar an tsoma shi a kunu, sitikar fiffike ɗaya ta yage a hannuna, ga abokan ɗaki sai dariya suke wai na koma wasan yara. Ɗayan kwalin ko buɗewa na kasa. Dan Allah ya zanyi, kuma na farkon zai gyaru ko dai in jefar? Ɗanka daga Samaru.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Kar ka jefar, ajiye shi tukuna. Sai da nayi dariya da na karanta wasiƙarka, ba don komai ba sai don nawa na farko yafi naka muni, ni har zanen babban yatsana ya fito raɗau a kan fiffiken don na dafa wurin gam bai bushe ba.

Su abokan ɗakin naka kuwa rabu da su. Duk wanda ya tashi a Zariya ya san yadda muke fitowa da gudu muna ɗaga kai in ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Palladan suna shawagi, tun 1964 take nan, kuma daga kallon nan sai mu koma bayan gida mu samo karan dawa mu ɓare, mu soka sillen a totuwa mu yi namu jirgin har da farfela. Abin da kake yi yanzu shi ne dai, roba ce kawai ta canji kara, kuma wannan ɗin da ma'auni aka yi shi. 1:72 ɗin da ka gani nufinsa an rage jirgin gaske sau 72, kaga Spitfire na gaske tsawonsa wajen mita 9 ne, faɗin fukafukansa wajen mita 11, shi yasa naka ya fito wajen santimita 13 a tsawo, fukafukan kuma 15 da ɗan wani abu. Jirgin yaƙin Ingila ne, ya fara tashi a 1936.

Toh mu fara da gilashin. Sufa gulu in yana bushewa wani tururi yake fitarwa, shi ne yake kwanciya a kan roba mai haske ya mayar da ita fara. Samu makilin ɗan kaɗan a audugar goge kunne ka riƙa murzawa a hankali, wani lokacin yana fita tas wani lokacin kuma ya rage kawai. Nan gaba gilashi da farin gam na kafintoci ake manna shi, irin su Top Bond, ka ɗebo da bakin tsinken sakace, in ya bushe baya nunawa. Sauran jikin kuma gam ɗin da ya zo a kwalin zaka sa, shi aikinsa narkar da fuskar robar yake yi gefe biyun su haɗe su zama abu ɗaya kamar walda, shi yasa in ka labta da yawa wurin yake lotsawa. Ɗigo kaɗan ya isa, ka matse da robar ɗaure kuɗi ko abin maƙale shanya, ka barshi ya kwana.

Amma tun kafin a zo ga gam akwai aikin da nasan ka tsallake. Ka wanke robobin da ruwa da ɗan sabulun wanke kwanuka tun suna jikin firam ɗinsu don akwai maiƙon masana'anta da ke hana fenti kamawa. Kar ka murɗe su da hannu wajen cirewa, abin yankan farce sabo ya wadatar, sai ka goge ɗan tsinin da ya rage da abin goge farce na mata ko samfefa mai laushi sosai. Kowane ɓangare ka gwada shi a wurinsa babu gam tukuna, in bai zauna daidai ba ka kankare kaɗan da reza ka sake gwadawa. Sannan mazaunin matuƙi da shi kansa ɗan matuƙin a fente su kafin a rufe gangar jikin, in ka rufe shikenan buroshi bazai shiga ba.

Yanzu fentin, inda nafi son ka buɗe kunne. Wanda ke zuwa a irin kwalin ƴan koyo yawanci akirilik ne, wato mai ruwa, kuma a yadda ya zo a ɗan gwangwanin nan yayi kauri. Gauraya shi sosai da tsinke don kalar tana kwanciya a ƙasa, ɗiga kaɗan a murfin robar ruwa, ƙara ɗigon ruwa har ya koma kamar madarar da aka dama wa shayi, ba kunu ba, ba kuma tsululu ba. Shafar farko zata fito da dabbare-dabbare kana hango robar ta ciki, ranka zai ɓaci kace bai yi ba, toh a nan ne kowa yake faɗawa rami ya koma yana ƙarawa a kan ɗanye, kar ka taɓa, barshi ya bushe kayi ta biyu, ka bari ya bushe kayi ta uku, a ta ukun nan zaka ga ya kwanta sumul kuma duk ƙananan layukan jikin jirgin suna nan basu cike ba. Kala mai haske ake fara yi. A Spitfire na 1940 cikinsa mai haske ne, bayansa kuma ruwan ƙasa da kore mai duhu, don haka ciki, sannan ruwan ƙasa, kore a ƙarshe. In kana son layi ya miƙe yi amfani da salatif ɗin takarda na masu fentin mota, amma ka fara manna shi a bayan hannunka sau biyu ƙarfinsa ya ragu kar ya ɗago fentin.

Na wanda ka ɓata kuwa, in dai akirilik ne, sayi sifirit a kemis ka jiƙa shi ka goge da tsohon buroshin haƙori, zai fita robar bata ji komai ba. Abin da na hana ka shi ne fetur da tinar masu fentin mota da abin goge jan farce, waɗannan cinye robar suke yi. Buroshi mai laushi da ƙarin fenti kuma tambayi ƴan sashen zane-zane na ABU inda suke saye tunda kusa kuke.

Ga wani abu da takardar cikin kwalin bazata gaya maka ba don waɗanda suka rubuta basu san hunturun Zariya ba. Na taɓa gama shafa ta uku lafiya lau na ajiye a bakin taga wai ya sha iska na tafi masallaci, ko da na dawo jirgi ya zama kamar tsiren da aka barbaɗa wa ƙuli, ƙura ta manne ko'ina. Tun daga ranar, ina ajiye buroshi nake kifa masa roba mai zurfi ko kwali. Ka kashe fanka, ka ɗan yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, kuma ka sani busasshiyar iskar nan tana sa fentin bushewa tun yana bakin buroshi, sai ka riƙa tsoma shi a ruwa akai-akai.

Sitikar da ta yage ɓarewa kayi ko? Ba irin ta jikin babur bace. Yanke guda ɗaya da almakashi, tsoma a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 10 zuwa 20, ɗora a kan tishu ka jira har sai ka taɓa da yatsa kaji tana zamewa da kanta, sannan ka kai takardar wurin ka zamar da ita da jiƙaƙƙen buroshi, ka danne ruwan da auduga. Tafi kwanciya a kan fenti mai sheƙi, a kan mai kaushi iska tana maƙalewa a ƙasanta gefen yayi fari-fari.

Jet ɗin kuma duba ka gani, in mai taya a gaba ne kamar Alpha Jet na sojojin samanmu, dole ka manna ɗan nauyi a cikin hancinsa kafin ka rufe, ƙaramin noti ɗaya ko biyu, sau da yawa takardar tana faɗin giram nawa. In ka manta zai zauna a kan jela hanci a sama kamar ɗan akuya yana jiran dusa, kuma babu yadda zakayi sai ka farke shi. Spitfire baya buƙata don tayarsa ta uku a baya take.

Ka ba jet ɗin sati biyu, rabin awa bayan la'asar kullum lokacin da akwai haske, duk abin da zaka yi masa ka fara gwadawa a jikin Spitfire ɗin. In ka tafi hutu gida ka ɗora shi can saman wadirob, don ƙannenka na ganinsa zasu so su gwada ko yana tashi.