Ɗan jam'iyya, ɗan takarar jam'iyya, ko mai zaman kansa?

Tambaya: Malam, ina tattara sakamakon tsoffin zaɓukan cike gurbi na Kano. Wanda ya tsaya a wata jam'iyya daga baya ya sauya sheƙa, ko wanda wata jam'iyya ta mara wa baya kawai, me zan rubuta a gaban sunansa?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi albarka, aiki ne mai kyau ka ɗauko. Ka fara rarrabe "ɗan jam'iyya" da "ɗan takarar jam'iyya". Na farko mai riƙe da kati ne. Na biyu shi ne wanda jam'iyya ta tsayar, aka jefa masa ƙuri'a da alamarta: tauraron NEPU, fartanyar NPC, zakaran NCNC. Jadawalinka na biyun yake buƙata, kuma na ranar zaɓen kaɗai. Sheƙa gidan tsuntsu ce, wanda ya sauya ta bai goge inda ya kwana jiya ba. Abubakar Rimi ya ci gwamnan Kano a PRP a 1979, ya sake nema a NPP a 1983. Kowace shekara da tata jam'iyyar za a rubuta.

Ƙawance ma ba haɗewa ba ne. NEPU ta yi ƙawance da NCNC a zaɓen 1959, amma Malam Aminu Kano ɗan NEPU ne. Kama da wane ba ta wane.

Inda na fi jin ciwo shi ne santsi da taɓo. Matasa na rubuta su tamkar jam'iyyu biyu, alhali ɓangarori ne na PRP bayan ta dare, kuma ɓangaren Malam Aminu Kano, wato taɓo, hukumar zaɓe ta wancan lokaci, FEDECO, ta amince da shi. Rubuta PRP, ka kai bayanin ɓangaren ƙasan shafi. Haka kuma kada ka rubuta "ɗan Sawaba" zalla: a Kano NEPU ake nufi, a Nijar kuwa jam'iyyar Djibo Bakary ce.

Wanda ba wata jam'iyyar da ta tsayar da shi, "ɗan takara mai zaman kansa" ne, ko "indifenda" a bakin 'yan jarida, ko da duk gari ya san inda zuciyarsa take. A Jamhuriya ta Farko an yi irinsu. Tsarin mulkin 1999 kuwa ya wajabta tsayawa a jam'iyya, don haka in ka ga wannan laƙabi a zaɓen bayan 1999, koma ka binciki takardar da ka kwafo.