Amsa ga ɗan'uwan da aka sace wa babur, aka ce ya kawo kuɗin mai

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa an ɗauke maka babur a ƙofar masallaci, ka kai ƙara caji ofis, aka ce motarsu babu mai sai ka kawo wani abu kafin a fita, kana so ka san ko ka bayar ko ka bar wa Allah. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, don ni ma na taka wannan ƙayar, nawa ma adaidaita sahu ne, kuma na wani ne ina kai masa balas.

Kada ka miƙa wa mutum ɗaya kuɗi a bayan ofis, kuma kada ka sake komawa kai kaɗai. Je ka da mai unguwarku ko wani dattijo da ake jin nauyinsa, ku nemi ganin DPO da kansa. In har za a sayi mai, ku raka motar gidan mai ku biya a zuba a gabanku. Doka ba ta ce mai ƙara ya biya komai ba, amma na san halin da kake ciki.

Maganar babu mai kuwa, ba kullum ce ƙarya ba. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Mu da muke kan hanya mun san abin da tanki ɗaya yake ci. Ofishin da ke kula da unguwanni da dama, motarsa ɗaya ko biyu, wata ma tana kan dutse ba taya. Gwamna zai raba Hilux a ɗauki hoto, amma 'yan sanda na Tarayya ne, sashe na 214 na tsarin mulki ya hana a kafa wata rundunar, kuɗin gudanar da ofis daga sama yake zuwa. Ko asusun tallafa wa 'yan sanda da Buhari ya sa wa hannu a 2019, wanda aka ce za a riƙa zuba masa rabin kashi 1 cikin 100 na kuɗin asusun Tarayya, ni dai ban ga alamarsa a ofishin yankinmu ba, inda takardar rubuta bayani ma ni na saya.

Abin da yake ci min rai shi ne inda ɗan man da ake da shi yake tafiya. Ranar da aka sace mashin ɗin na kai rahoto da daddare, aka ce in dawo da safe. Na dawo, mai binciken ya karɓi abin da ke aljihuna ya ce za su fita. Ba su fita ba. Na yi ta zarya, yau ya je kotu, gobe oga ya aike shi. Sai ga mai mashin ɗin, mutumin da na yi shekaru ina kai wa kuɗinsa ban taɓa tsallake rana ba, ya je ya ce ni na sayar. A ranar mota ta samu mai. A ranar aka zo har ƙofar gidanmu da jiniya, a gaban yarana, a gaban maƙwabta, aka sa ni a baya. Na kwana a bayan kanta babu riga babu takalmi, ina jiyo muryar mahaifiyata a waje tana roƙo a karɓi abincin da ta kawo, tsohuwa mai ciwon ƙafa ta tako da daddare. Shi kuwa Alhajin yana zaune a kan benci yana danna waya, ko kallonta bai yi ba. Ya san ban ɗauka ba. Wallahi ya sani. So yake a matse ni 'yan'uwana su haɗa masa kuɗin sabo, kuma sun haɗa wani abu, har ƙanwata ta sayar da keken ɗinkinta. Har yau in na hango shi a kasuwa sai in sauya hanya, don ban yarda da bakina ba. Ɓarawon kuwa ko sau ɗaya ba a fita nemansa ba.

To ka ga, in kuɗi ya yi kaɗan, aikin da ake fara yi shi ne na wanda zai cika tanki, wato karɓo bashi da rigimar fili da rakiyar manya. Alhali dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Beli kyauta ne, a bangonsu ma an rubuta. Ku riƙe wannan, 'yan'uwa masu kai balas, kuma ku rubuta yarjejeniya da mai mashin tun ranar farko, da shaidu, a faɗi wa zai ɗauki asara in an yi sata.

A Nuwamban 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umarni a janye 'yan sandan da ke gadin manyan mutane, Sufeto Janar ya ce an dawo da fiye da 11,000. Ka duba yawan nan, su ne ya kamata a ce suna zagaya lungunanmu da daddare. Ba na zagin ƙananan ma'aikata gaba ɗaya, akwai wani kofur a ofishin nan da ya ba ni ruwa ya ara min wayarsa na kira gida, Allah ya saka masa. Shi ma da kuɗinsa yake sayen kakinsa, haka ya faɗa min.

Mu abin da ya ɗan kawo mana sauƙi a unguwa, haɗa kai ne. Kowane gida yana ba da ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, liman da mai unguwa suna riƙe da littafi, ana biyan 'yan sintiri, ana zuba wa motar ofis mai da sharaɗin ta shigo layinmu bayan sha biyun dare. Raina ba ya so, don mun riga mun biya haraji, amma satar ta ragu. Ka tambaya ko akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a a yankinku, kusan kowane ofis yana da shi, maganarsu tana shiga inda taka ba za ta shiga ba. Sai dai ku ja wa 'yan sintirinku kunne, in sun kama mutum su miƙa shi, ban da duka.

In an nemi kuɗi an ƙi yin aiki, akwai sashen karɓar koke a kan 'yan sanda da aka buɗe tun 2015, ana kai ƙorafi ta waya ko WhatsApp. Ka rubuta sunan jami'in da ranar da abin ya faru.

Yanzu dai kada ka zauna jiran mota. Ɗauko rasit da takardun babur ɗin, ka kwafi lambar inji da ta jiki, ka kai wa shugabannin masu sayar da babura na hannu da masu gyara da 'yan gwangwan, don da wuri ake kwance shi a sayar gunduwa-gunduwa. Ka tabbata an rubuta ƙararka a littafin ofis, ko da an gano shi a wani gari. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce ya ga babur ɗin amma ka turo kuɗin mota, kada ka tura ko kwabo. Ka sa mana hotonsa da lambarsa a nan, akwai direbobi da yawa a cikinmu, za mu sa ido.