Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan ranar da yaro ke zama babba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ɗanka ya shiga shekara 13, an yi masa kaciya a asibiti tun yana jariri, kuma Hajiya kakarsa na cewa yaran yanzu ba su da ranar da za a nuna a ce yau sun bar ƙuruciya. Kana tambaya ko da gaskiyarta, kuma me ya kamata ka yi. Hajiya ta yi gaskiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Sai dai abin da muka rasa ba bikin ba ne, abin da ke biyo bayansa ne.

Mu a garinmu, a ƙasar Katsina, sai an gama kaka hunturu ya shigo ake kaciya, don ciwo ya fi saurin bushewa, rumbu kuma cike yake. A tara yaran unguwa 'yan shekara bakwai zuwa tara. Da sassafe wanzami zai iso da zabirarsa, an riga an tona ƙananan ramuka a bayan gida, kowane yaro a zaunar da shi a bakin nasa, baffa ko kawu ya riƙe shi ta baya. Daga nan sai zaure. A rigingine muke kwana, an sa mana kara tsakanin gwiwoyi don kada mu fama ciwon, wani dattijo yana gadinmu dare da rana. Kaji, ƙwai da tuwo mai man shanu kuwa, ba mu taɓa cin irinsu ba. Da aka warke aka yi mana aski da wanka, aka sa mana sababbin kaya, muka zaga dangi gaisuwa.

Duk wannan mako kaɗan ne. Canjin gaske ya fara ne washegari. Ba wanda ya koma kwana ɗakin uwarsa. Abinci tare da maza ake ci, a akushi ɗaya. Da damina ta faɗi an sassaƙa maka 'yar fartanya daidai hannunka, kunyarka daban, idan ka bar ciyawa kowa zai gani. Ka yi wauta, ba duka za a fara da shi ba, cewa za a yi, "Kai da ka sha kaciya?" Maganar nan ta fi bulala ciwo. Waɗanda muka kwanta zaure ɗaya kuwa, har yau idan an yi wa ɗayanmu rasuwa, sauran ne ke fara isa.

Kada a ɗauka ina kiran a koma aska ɗaya ga yara goma. Yanzu mun san yadda ciwon hanta da ƙanjamau ke bin jini, kuma kaciyar da ka yi wa ɗanka a asibiti daidai ce. A Afirka ta Kudu, ƙabilar Xhosa har gobe suna kai samari daji su yi musu kaciya. Nelson Mandela kansa an yi masa yana da shekara 16. Amma kusan kowace shekara sai an rasa samari a lardin Gabashin Cape saboda ciwo ya ruɓe ko ƙishirwa ta kama su, har gwamnati ta kafa doka a 2021 wadda ta hana kai yaron da bai kai 16 ba. Ran yaro ya fi kowace al'ada. Duk da haka akwai abin lura a tsarinsu: ranar fita ana ƙona bukkar da suka zauna da duk tarkacen da suka yi amfani da shi, saurayi ya tafi ba waiwaye, a ba shi sabon bargo, dattawa su zaunar da shi su gaya masa abin da ake jira daga gare shi.

Kusan ko'ina haka ne. Na ga sharo a kasuwar ƙauye: saurayin Bafulatani tsaye, madubi a hannu, ana zuba masa tsumagiya a haƙarƙari bai ko ƙifta ido ba, don jama'a su shaida ya iya haɗiye zafi. Yahudawa idan yaro ya kai 13 sai ya tashi gaban jama'a ya karanta Attaura, daga ranar ana lissafa shi cikin manya a wurin ibada. Japan ma, da duk ci gabanta, ta ware Litinin ta biyu ga watan Janairu don matasan da suka kai munzali, hukumomin garuruwa su tara su su yi musu jawabi. Kowannensu akwai shaidu, kuma akwai nauyin da ake ɗora wa yaro.

Mu kuwa yanzu bukukuwa sun fi na da yawa. Ɗan nazare ana sa masa rigar kammala karatu, ga bikin zagayowar ranar haihuwa, ga rubutu a farar riga ranar gama jarrabawa. A yi hoto a sa a WhatsApp, washegari yaro ya tashi yadda yake jiya, uwa ce ke tashinsa salla, ƙanwa ce ke wanke masa kwano. Wannan ne ke damuna, don ina ganin samari masu shekara 25 da ba a taɓa damƙa musu komai ba, sannan mu ce ba su da hankali.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. Hadisi ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a tsawata musu a goma, a raba musu makwanci. Abdullahi ɗan Umar ya ba da labarin an gabatar da shi ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar Uhudu yana ɗan 14 bai karɓe shi ba, ranar Handaƙ yana ɗan 15 ya karɓe shi. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz da ya ji wannan sai ya mayar da shi iyaka tsakanin yaro da babba. Ka ga ɗanka yana bakin ƙofa ke nan.

Shawarata, idan yana kusa da sauka, ka riƙe ranar saukar da hannu biyu, ita ce babbar ranar da ta rage mana. Ka nema masa allon zayyana, ya karanta Fatiha da farkon Baƙara da bakinsa gaban malamai da baffanninsa, ba a ɗakin taro da lasifika kawai ba. Idan makaranta za ta haɗa shi da sa'o'insa, ya fi. Kafin ranar, kai ko baffansa ku zaunar da shi ku koya masa alamomin balaga da wankan janaba. Kunya ta sa iyaye da yawa sun bar wa waya wannan darasi.

Bayan walima kuma a ga canji a gida. Ni nawa, ɗakin zaure na ba shi da makullinsa. Na damƙa masa kuɗin cefanen Juma'a da sayen katin wuta, da dare ya kawo min lissafi a rubuce. Na fara tafiya da shi jana'iza da gaisuwar mutuwa, ya ga yadda ake sa gawa a kabari, ya koyi abin da ake faɗa wa waɗanda aka yi wa rashi. Idan baƙi sun zo, shi ke shimfiɗa tabarma, kuma ya zauna ya ji hirar manya. Ƙannensa na hana su kiran sunansa gatsau, Yaya suke ce masa. 'Ya mace ma tana da irin wannan haƙƙi, ba sai ranar kamu za a fara yi mata maganar girma ba.

Ka yi magana da mahaifiyarsa tun kafin ku fara, ku zama baki ɗaya. Watan farko zai yi ɓarna, kuɗi zai ɓata, cefane zai zo ba daidai ba, tausayi kuma zai sa ta so ta karɓi aikin ta rufa masa asiri. Kada ku karɓe. Ya zauna ya faɗi inda kuɗin ya shiga, mako mai zuwa a sake ba shi. Allah ya raya mana su bisa sunna.