Tambayi Likita: Zama da Maganin Tsinka Jini

Tambaya: Likita, mahaifina yana shan warfarin saboda rikicewar bugun zuciya. Duk wata sai mun ɗauko shi daga Ƙofar Doka zuwa asibitin Shika gwajin jini. Wallahi ya gaji. Babu wani maganin ne?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri. Akwai sababbi: rivaroxaban, apixaban da dabigatran. Ba sa bukatar gwajin INR, wato gwajin auna tsinkewar jini, a kai a kai, mutum ya huta da sammako da bin layi. Sai dai suna da tsada, kuma da wuri suke barin jiki. Tsallake kwana ɗaya ma ganganci ne. Na ga dattijon da ya fara da karsashi, da aljihu ya yi sanyi ya koma ɓara ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin gudan jini ɗaya ya isa ya shanye ɓarin jiki. Ku yi lissafin kuɗin shekara tukuna, a kuma duba ƙodarsa. In kuwa an sa wa Baba ƙofar zuciya ta ƙarfe, ko tasa ta tsuke, warfarin ɗin ne nasa.

Tambaya: Tun da na fara warfarin 'ya'yana suka hana ni kwaɗon zogale da miyar alayyafo. Abinci ya fita raina.

Amsa: Hajiya, ci abinki. Ganye yana da bitamin K mai rage ƙarfin maganin, amma abin da ke rikita gwaji shi ne yau kwano guda, gobe babu. Ki riƙa cin gwargwado ɗaya, a daidaita miki ƙwayar, INR ya tsaya tsakanin 2 da 3 kamar yadda ake nema wa yawancin mutane. Abin da zan hana ki shi ne ƙaho, da jiƙe-jiƙe, da sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis. In kika ga baƙin bayan gida ko haɓon da ya ƙi tsayawa, asibiti nan take.

Tambaya: Amarya ce ni, ina shan warfarin saboda gudan jini a ƙafa, kuma ina son haihuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, ki ga likitanki tun kafin ciki ya shiga. Warfarin na iya illata ɗan tayi, musamman daga mako na 6 zuwa na 12, sababbin ma ba a ba mai ciki. Allurar heparin ake mayar da ke. Kada ki daina da kanki. Bayan kin sauka lafiya, za ki iya shayarwa kina shan warfarin ɗinki.